Digiri na Biyu a Tsara Sauti: A Tafi Birtaniya, a Yi Daga Jidda, ko a Karanci Amon Gini?

Ƙarfe uku na dare ya gota, an watse daga biki a wata istiraha, wato gidan biki na haya, da ke unguwar Harazat a Jidda, muna naɗe wayoyi, sai ɗan yayata ya miƙe ya dafe ƙugu ya ce, "Kawu, ni fa na gaji da ɗaukar sifika. Digiri na biyu nake so in yi a tsara sauti." Shekara bakwai ke nan yana bina aiki. Yana da digirin farko a kwamfuta, yana da mata da 'ya guda. A Makka aka haife shi, amma fasfon Najeriya ne a aljihunsa, iƙamarsa kuma tana ƙarƙashin mu'assasar da muke yi wa aiki. Na ce, "Ɗana, mu kai kaya sito tukuna. Wannan ba maganar tsaye ba ce."

Abin da muka yi ta tattaunawa a makonnin da suka biyo baya shi nake rubutawa a nan, domin ba shi kaɗai ba ne. Daga Jidda zuwa Makka har Riyad akwai yaranmu birjik a bayan mikisa: masu biki, masu masallaci, masu ɗaukar tafsiri da fodkas, masu ƙaramin situdiyo a ɗakin soro. Duk wanda hannunsa ya faɗa, wata rana sai wannan tunanin ya zo masa.

Kuma ba laifinsu ba ne, ƙasar ce ta juya a gaban idonmu. A watan Afrilun 2018 aka sake buɗe sinima bayan sama da shekara 30 a rufe. A 2020 aka kafa hukumar fina-finai da hukumar kiɗa a ƙarƙashin ma'aikatar al'adu. A Disambar 2021 aka fara bikin fina-finai na Bahar Maliya a cikin Balad, tsohon garin nan Jidda, a lungunan da muke zuwa sayen turare. A 2022 aka yi shelar mayar wa masu shirya fim a cikin ƙasar har kashi 40 cikin 100 na kuɗin da suka kashe, a shekarar ce kuma kamfanin Savvy ya bayyana shirin zuba riyal biliyan 142 a harkar wasannin kwamfuta. Ga baje kolin duniya na 2030 a Riyad, ga gasar cin kofin duniya ta 2034. Yaro yana ganin wannan duka, shi kuma yana ɗaukar sifika a ka. Dole zuciya ta yi magana.

Kafin a zaɓi makaranta sai an rarrabe sana'o'in, don sunan "mai sauti" ya haɗe mutum uku da aikinsu ba ɗaya ba. Akwai mu, masu taro kai tsaye: liman ko mawaƙi yana gaban makirufo, kana gyarawa nan take, in ka kuskure kowa ya ji. Akwai mai tsara sauti, wanda ake miƙa wa fim ko wasan kwamfuta tsirara shi ya tufatar da shi. Shi ke tsabtace zance, ya shimfiɗa amon wuri, ya ƙirƙiri ƙarar abin da babu shi a duniya, ya ɗauki takun ƙafa da motsin riga a situdiyo, aikin da ake kira foli daga sunan Jack Foley na kamfanin Universal, sannan ya zauna da darakta a haɗa komai. Laƙabin "mai tsara sauti" ya yi tashe ne daga 1979, da aka rubuta wa Walter Murch shi a jerin ma'aikatan fim. Na uku shi ne injiniyan amon gini, wanda ba lallai ya taɓa mikisa ba, amma tun gini yana kan takarda shi ke yanke hukuncin ko huɗuba za ta fita tar ko za ta zama gunaguni.

Digiri na biyu yana iya kai ka ɗaya daga biyun ƙarshe. Ba na jin akwai wanda zai ƙara maka komai a na farko da shekara bakwai a fili ba su ba ka ba.

Hanya ta farko: ka tattara ka tafi

Wannan ita ce wadda kowa ke mafarki, kuma ina ganin dalilin. A Birtaniya akwai makarantar fim da talabijin ta ƙasa, NFTS, a garin Beaconsfield kusa da Landan, wadda aka kafa a 1971. Digirinta na tsara sauti shekara biyu ne, ana farawa a Janairu, kuma ɗalibai ƙalilan take ɗauka. Ƙarfinta ba a aji yake ba. A harabar akwai masu koyon ba da umarni, masu ɗaukar hoto, masu tace hoto, masu zanen katun, masu rubuta kiɗa, kowannensu yana buƙatar mai sauti. Kafin ka fita ka yi aiki a kan fina-finai iri-iri, ka sha jayayya da darakta a ɗakin haɗa sauti na gaske, mai girman sinima, ka koyi yadda ake ce wa mutum "kiɗan nan ya cinye zancen" ba tare da an ɓata ba. Wannan jayayyar ita ce ilimin. Babu bidiyon intanet da ke koyar da ita.

Jami'ar Edinburgh tana da nata na shekara ɗaya, amma halinsa daban. Bai tsaya ga fim ba, yana shiga rubuta manhajar sauti, da sauti mai amsa motsin mutum, da sauti a matsayin fasaha mai zaman kanta. Wanda ya karanta kwamfuta kamar ɗan yayata zai ji daɗinsa. Wanda burinsa kawai ya zama gwanin tace zancen fim zai iya ganin an kai shi wata unguwa. Makarantar zane ta Glasgow ma tana da na shekara ɗaya kan sautin hoto mai motsi, Bournemouth tana da nata, Jami'ar York kuma ta daɗe tana haɗa sauti da fasahar injiniya. A Amurka akwai makarantar zane ta SCAD a Savannah, a Kanada akwai difloma ta wata 12 a makarantar fim ta Vancouver, sai dai ita ba digiri na biyu ba ce. Wanda Larabci ya fi masa sauƙi ya tuna da babbar cibiyar sinima ta Alƙahira, da aka kafa a 1959, tana da sashen sauti. Masu ƙaunar fim ɗin Indiya kuma su san cewa Resul Pookutty, wanda ya ci kyautar Oscar ta haɗa sauti a 2009, a cibiyar fim ta Pune ya yi karatu.

To, sai kuɗi. A jami'a irin Edinburgh kuɗin makaranta kaɗai ga baƙo ya haura fam 25,000. Fam ɗaya kusan riyal 5 ne, ka ga mun doshi riyal 125,000 ba a ci ba, ba a sha ba. Kafin a ba ka biza sai ka nuna kana da sama da fam 1,100 na kowane wata har wata tara in a wajen Landan za ka zauna, a Landan ya fi haka. Ga kuɗin lafiya fam 776 a shekara, ga jarrabawar Turanci ta IELTS da yawanci ake neman maki 6.5 ko 7. An yarda ɗalibi ya yi aiki awa 20 a mako lokacin karatu, amma duk wanda ya ce maka da wannan zai biya makaranta bai yi lissafi ba.

Abin da ya fi kuɗi nauyi a wurin ɗan yayata shi ne iyali. Tun 1 ga Janairun 2024, ɗalibin digiri na biyu na kwas ba ya tafiya da mata da 'ya'ya Birtaniya. Da na faɗa masa haka ya yi shiru, ya ce, "Kawu, yarinyar ko yaye ba a yi ba." Shekara ɗaya ko biyu a Turai, iyali suna Jidda a kan iƙamar da ke rataye da aikin da za ka bari. Nan ne maganar takan tsaya wa yawancinmu, kuma babu takardar talla ta makaranta da za ta gaya maka. Bizar fita da dawowa tana da wa'adi, iƙama tana da ranar mutuwa, kafili kuma ba dole ne ya riƙe maka gurbi ba. Wanda aka haifa a Shara Mansur, bai san wani gida ba sai Makka, ya yi tunani sau bakwai kafin ya sa takardun zamansa a caca.

Tallafin karatu ma takarda yake bi. 'Yan'uwanmu masu laƙabin Hausawi da ke da katin ɗan ƙasa suna da shirin ma'aikatar al'adu na tura ɗalibai waje, wanda ya haɗa da fim da kiɗa. In kana cikinsu, wallahi ka nema, kada ka yi sanya, wannan hanyar taka ce. Mai fasfon Najeriya kuwa yakan kalli Chevening, tallafin karatu na gwamnatin Birtaniya, amma ya karanta sharuɗɗan: gogewar aiki ta shekara biyu, kwas na shekara ɗaya kawai, wanda ya fitar da NFTS daga lissafi, sannan alƙawarin komawa ƙasar da kake ɗauke da fasfonta na aƙalla shekara biyu. Wato Abuja ko Kano, ba Jidda ba. Ga wanda yake da niyyar komawa gida ya yi aiki da Kannywood ko Nollywood wannan alheri ne. Ga wanda rayuwarsa duk tana nan, sharaɗi ne mai ɗaci. Ita ma bizar zaman neman aiki a Birtaniya bayan kammalawa, da take shekara biyu, an sanar za ta koma wata 18 daga Janairun 2027.

Hanya ta biyu: karatu daga nesa, kana kan aikinka

Jami'ar Edinburgh Napier, wadda ba ɗaya take da Jami'ar Edinburgh ba ko da yake gari ɗaya suke, tana da digiri na biyu a tsara sauti ta intanet, ana yinsa sannu a hankali, an kuma gina shi ne don masu aiki. Makarantar ThinkSpace ma tana koyar da sautin wasannin kwamfuta ta wannan hanya. Ba biza, ba haya a Turai, albashi yana shigowa, kana kwana da iyalinka, kuɗin kuma ana biyansa kashi-kashi. A takarda babu abin da ya fi wannan dacewa da mu.

Amma in faɗi gaskiya, akwai abubuwa uku da za su gwada ka.

Na farko ɗaki. A makarantar fim ɗakin yana cikin abin da ka biya. A nan kai za ka samar da shi. Na taɓa zama da wani yaronmu a ɗakinsa a Hindawiyya yana ƙoƙarin ɗaukar takun takalmi a kan tsakuwa. Mukayyif na taga, wato na'urar sanyaya ɗaki, yana ruri, in ya kashe shi minti biyar zufa ta jiƙe riga, in ya kunna komai ya lalace. Ƙarshe sai bayan sallar asuba yake ɗauka, ya toshe ƙofa da katifa da darduma. Ya yi, kuma ya fito da abu mai kyau, amma fa da hedifon ya haɗa. Dolby Atmos, tsarin sauti mai kewaye mai sauraro da ya fito a 2012, yawanci ana haɗa shi ne a ɗaki mai sifika 12: bakwai a kewaye, huɗu a sama, ɗaya na ƙasan murya. Hedifon yana kwatanta maka, ba ya maye gurbin ɗakin. In ka zaɓi wannan hanya ka ware kuɗin hayar situdiyo na gaske a Jidda ko Riyad, ko da sau ɗaya a zango, ka ji aikinka a sarari.

Na biyu lokaci. Zangon farko na Birtaniya yana farawa ne wajen Satumba, daidai lokacin da harkarmu ke tashi, don bukukuwan Riyad sukan fara a Oktoba su ci hunturu duka. Hutunmu Juma'a da Asabar, nasu Asabar da Lahadi. Muna gabansu da awa biyu a bazararsu, awa uku a hunturu. Sai azumi, sai aikin Hajji. Mutumin da ya dawo gida ƙarfe huɗu na asuba kunnensa yana ƙugi ba zai zauna ya tace zance da kyau ba. Wanda zai yi wannan karatun sai ya rage karɓar biki, ragin da aljihu zai ji.

Na uku, kuma shi ne babba: mutane. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, fim kuwa jinka ce. Karatun nesa yana ba ka malami mai sauraron aikinka ya gaya maka gaskiya, wannan ba ƙaramin abu ba ne, amma ba ya ba ka darakta a kujerar kusa da kai. Sai dai a nan mu mazauna Jidda muna da sa'a. Jami'ar Effat tana koyar da fim a matakin digirin farko, kuma ɗaliban fim a ko'ina cikin duniya ciwonsu ɗaya ne, hoto ya yi kyau sauti ya lalace. Bikin Bahar Maliya yana tara masu gajerun fina-finai duk shekara. In ka je ka ce za ka gyara wa mutum sautin fim ɗinsa na minti goma, ba zai kore ka ba. Wanda ya haɗa karatun nesa da irin wannan cuɗanya ya samu rabin abin da mai tafiya ya saya da tsada. Wanda ya kulle kansa a ɗaki zai fito da takarda babu wanda ya san shi.

Gargaɗi ɗaya kafin a biya ko sisi. In burinka koyarwa a jami'a ne ko aikin gwamnati, ka nemi amsa a rubuce daga sashen mu'adala, wato tantance takardun karatu na waje, na ma'aikatar ilimi kan wannan kwas ɗin takamaimai, domin sharuɗɗan karatun nesa suna da tsauri. Situdiyo da kamfanin fim ba ruwansu da mu'adala, aikinka za su saurara.

Hanya ta uku, wadda ba a cika ambata ba

Nan zan daɗe, don ita ce, wato karatun amon gini, nake ganin mun yi sakaci da ita.

Shekarun baya aka kira ni wani masallaci sabo a gefen gari. Marmara ƙasa, marmara a bango, ƙubba a sama, ginin ya yi kyau ƙwarai. Kwamiti sun canja sifika sau biyu, suna son na uku, don dattawan sahun baya ba sa fahimtar huɗuba. Na tsaya a tsakiya na tafa hannu sau ɗaya, na tsaya ina sauraron tafin yana yawo yana dawowa, har na ƙirga huɗu bai mutu ba. Na ce musu, "Alhaji, ba sifika ba ce, ɗakin ne." Kalmar liman ta farko ba ta gama mutuwa ba ta biyu ta hau kanta, ta uku ta hau su duka. Ƙara murya a irin wannan wuri ƙara wa wuta mai ne. Abin da na iya a ranar shi ne rage ƙarfi, da kusanto da ƙananan sifiku ga mutane, da jinkirta na baya. Sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa a iska mai matsakaicin zafi, don haka sifikar da ke mita 34 daga mumbari tana buƙatar jinkirin kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, in ba haka ba kunne ya ji liman biyu. An samu sauƙi. Amma maganin gaskiya, wato lissafin yawan abin tsotse amo da za a sa da inda za a sa shi, ya fi ƙarfin sanina, kuma na ji zafin haka har raina.

Wannan lissafin ilimi ne mai zaman kansa tun zamanin Wallace Sabine na Harvard, a ƙarshen ƙarni na 19, wanda ya fito da ma'aunin tsawon lokacin da amo ke ɗauka kafin ya faɗi da desibel 60. Ɗakin magana yana son daƙiƙa ɗaya ko kusa da haka. Jami'ar Salford a Manchester da cibiyar binciken sauti da girgiza ta Southampton, da aka kafa a 1963, su ne sanannu a wannan fanni a Birtaniya. Akwai kuma difloma ta cibiyar masana amo ta Birtaniya, IOA, wadda ake iya yi daga nesa tare da 'yan kwanakin gwaji a ɗakin bincike.

Ka dubi ƙasar da muke ciki. Otal-otal a Makka da Madina, zauruka, sinima, filayen wasa, makarantu, masallatai ba iyaka. Duk gini babba yana buƙatar wanda zai ce ga yadda ƙarar mukayyif ba za ta shiga ɗakin kwana ba, ga yadda sanarwar gaggawa za ta fita a fahimta. Wannan aiki ne na rana, mai albashi a wata, kuma a nan takardar tana da daraja ta gaske, don ofishin injiniyoyi yana tambayarta. A fim kuwa ban taɓa jin darakta ya ce a nuna masa satifiket ba.

Ɗacin wannan hanyar biyu ne. Lissafi ne da kimiyyar fiziks tsantsa, wanda ya gudu daga logaridim a sakandare zai sha wuya. Sannan ba ƙirƙira ba ce irin wadda ke sa gashin jiki ya tashi a sinima. In abin da ke hana ka barci shi ne yadda za ka sa mai kallo ya ji tsoro da ƙarar ƙofa kawai, kada ka zo nan don albashi, za ka yi ƙunci.

Wanda bai kamata ya yi digiri ba sam

Akwai shi, kuma yana da yawa. In matsalarka ita ce ba ka iya manhajar haɗa sauti ta Pro Tools sosai ba, kamfanin Avid mai ita yana da kwasa-kwasanta da jarrabawarta. In tura sauti ta hanyar sadarwar kwamfuta ne, takardar shaidar Dante ta kamfanin Audinate mataki uku ce, ana yi ta intanet kyauta, kuma a manyan taruka yau ta fi wasu digirori amfani. In wasannin kwamfuta ne, manhajojin Wwise da FMOD suna da darussa a buɗe, ana sauke su a gwada ba tare da biya ba. Manhajar haɗa sauti ta Reaper dala 60 ce ga mai ƙaramin ƙarfi, Fairlight, mai irin wannan aiki, yana cikin manhajar DaVinci Resolve ta kyauta. Ƙa'idojin miƙa aiki ma a rubuce suke ga kowa: 48 kilohaz ga duk abin da ke da hoto, ma'aunin ƙarfin murya na gidajen talabijin na Turai 23 ƙasa da sifili, na Netflix 27 ƙasa da sifili a kan zance. Wanda zai biya riyal dubu ɗari don a koya masa waɗannan ya sayi ruwa a bakin rijiya.

Gwajin da nake ba kowa mai sauƙi ne. Ka ɗauki bidiyo na minti uku, ka cire sautinsa gaba ɗaya, ka gina shi daga babu: iska, taku, ƙofa, motar nesa, numfashi. In ka yi wata guda a kai kana jin daɗi, ka gama kana son wani, to wannan sana'ar tana kiranka, kuma abin da ka yi shi ne farkon samfurin da kowace makaranta za ta nema. In ka gaji a kwana uku, Allah ya rufa maka asiri da wuri.

Sannan ka je asibiti a auna jinka kafin ka cika kowace takarda. Wannan da gaske nake. Ma'aunin da masana lafiyar ma'aikata ke bayarwa shi ne desibel 85 na awa takwas, duk ƙarin desibel 3 kuma yana raba lokacin biyu. Biki ɗaya a istiraha yana wuce wannan nesa ba kusa ba. Na san abokan aiki da suka kai arba'in ba sa jin saman murya, suna ta ƙara kaifi a mikisa mutane suna toshe kunne. Kunne shi ne jarin, ka san abin da ya rage maka kafin ka ci bashi a kansa.

Abin da muke da shi da babu makarantar da ke da shi

Duk hanyar da mutum ya bi, akwai abin da zai tafi da shi daga gida. Wata rana aka kawo mini hirar wani dattijo da wani ƙwararre, ba Bahaushe ba, ya tsabtace da manhajar cire ƙwas-ƙwas. Aikin ya fita sumul, sai dai duk inda tsohon ya ce "ƙasa" ta koma "kasa", "tsoro" ya rasa kaifinsa. Manhajar ta ɗauki ƙ da ts a matsayin datti ta goge. Mutumin bai yi ganganci ba, kunnensa ne bai san akwai bambanci ba. Haka nan wanda bai san karin sautin Hausa da tsawon wasali ba zai yanka jimla ya haɗa ta da wata, kalmomi su zauna daidai amma Bahaushe ya ji ba haka ake faɗa ba. Yaronmu da ya tashi da Hausa a gida, Larabcin Hijaz a titi, Turanci a makaranta, yana da kunne uku. Ana fassara huɗubar Arafa zuwa Hausa, ana juya fina-finai da shirye-shirye zuwa harsuna, kuma masu iya tace zance a waɗannan harsunan uku ba su da yawa.

Akwai kuma amon wurarenmu. Tarin sautukan da ake sayarwa cike suke da ruwan saman Landan da jirgin ƙasan New York. Kafin a rushe unguwannin Sabil da Karantina na Jidda a 2022 na shiga da ƙaramar rikoda wata la'asar, na ɗauki minti arba'in: mai tallan fura, yara suna ƙwallo a lungu, tsofaffi suna gaisawa da Hausa ana amsawa da Larabci, kiran salla daga masallatai uku suna haɗuwa. Yau lungun babu shi. Duk wanda zai shirya fim kan rayuwar Takari a Jidda, abin da ke cikin wannan katin ba zai same shi a kasuwa ba. In za ka rubuta wa makaranta dalilin da za ta ɗauke ka, ka fara daga nan.

Ga yadda na raba wa ɗan yayata. Saurayi marar iyali, mai katin ɗan ƙasa ko mai tallafi a hannu, wanda fim ne a ransa, ya tafi, kuma in zai iya shekara biyu ya nemi NFTS kafin kowace. Mai iyali da iƙama, wanda ya ci gwajin minti uku, ya yi daga nesa, ya nemi 'yan fim na gari ya manne musu. Mai kan lissafi da ke son barin aikin dare ya dubi amon gini da idon basira. Wanda kawai gajiya ce ta dame shi ya yi Dante da Pro Tools, ya nemi babban kamfani, ya bar maganar digiri zuwa gaba.

Shi na ce masa amon gini ya fi dacewa da shi, don na ga yadda yake lissafin jinkirin sifika da ka kafin in ciro waya. Bai amsa ba tukuna. Ya ce fim ɗin ne ke ransa, ni kuma ban hana shi ba. Ya karɓi rikodata da katin Sabil, ya ce zai gina minti ukunsa a kai. Ranar Asabar mai zuwa kuma mun yi alƙawari da shi za mu koma masallacin nan mai ƙubba bayan azahar, da makirufon awo da balan-balan guda biyar, mu fasa su ɗaya bayan ɗaya mu ga daƙiƙa nawa amon ke ɗauka a kowace kusurwa.